Yadda ake haɗuwa da jarumin da kake so, da irin tambayar da ya kamata kai masa in ka samu dama

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen da ake ɗaukar fim a unguwa, ko ya je gala lokacin Sallah, ya san abin da nake faɗa. Yara da manya sun yi dafifi, wani tun hantsi yake tsaye cikin rana ko ruwa bai sha ba, in Allah Ya sa ya kutsa ya kai gaban jarumin sai bakinsa ya mutu, ya ce "wallahi ina sonka" sau uku ya ɗaga waya, ko kuma ya ɓige da tambayar "Anti yaushe za ki yi aure", shikenan an ja shi gefe dama ta wuce. Abin yana damuna sosai, dan mutanen nan da gaske suke son jaruman, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga yadda ake yi. In ka samu shiga, abin da za a ba ka bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba, toh duk bayanin da zan yi a kan yadda ba za ka ɓarar da wannan ɗan lokacin bane. Zan fi karkata kan 'yan Kannywood da mawaƙanmu dan su muka fi bi, amma 'yan ƙwallo ma zan taɓo su.

Mataki na farko: ka tsayar da abu ɗaya da kake so

Kafin ka fita daga gida ka tambayi kanka me za ka je yi. Gaisawa ce kawai? Hoto? Akwai tambayar da ta daɗe tana cin ka a rai? Ko so kake ka shiga fim? Ka zaɓi guda ɗaya, in ya yi yawa biyu. Wanda ya je da buƙata biyar yawanci ko ɗaya baya samu, dan kana fara jero su yaran jarumin za su gane wannan zai ja lokaci, sai su fara matsar da kai. Ni a ganina gaisuwa da tambaya ɗaya mai ma'ana, sannan hoto in an yarda, ya wadatar.

Mataki na biyu: kai ɗan bincike tun kana gida

Wannan shine inda mafi yawa suke tsallakewa, kuma shi ke raba masoyi na gaske da ɗan kallo. Kusan duk wani sanannen jarumi an yi hira da shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. BBC Hausa suna da shirin Daga Bakin Mai Ita, Arewa24 suna da Kundin Kannywood, Hadiza Gabon tana da nata shirin hira a YouTube inda take zama da abokan sana'arta, ga Mujallar Fim da take fitowa tun 1999. A nan duk an riga an tambaye su inda aka haife su, makarantar da suka yi, yadda suka fara, abincin da suka fi so. Toh in ka sha wahala ka isa gaban Ali Nuhu ka ce masa "Yallabai a ina aka haife ka", ka yi asarar damarka, dan kowa ya san a Maiduguri aka haife shi a 1974, ya yi karatun labarin ƙasa a Jami'ar Jos, kuma tun farkon 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Wanda ya san wannan zai iya tambayarsa yadda yake haɗa aikin ofis da fitowa a fim, ko abin da hukumar za ta iya yi wa yaro mai son koyon kyamara ko tace hoto, kaga ai wannan tambaya ce da mutum zai ɗago kai ya dube ka.

Ka kalli hira biyu ko uku na wanda kake son gani, ka lura da abin da yake jin daɗin magana a kai da abin da yake kauce wa. In ka ga duk sanda aka taɓo wani batu sai ya ce "mu bar wannan", toh kai ma ka bar shi, ba kai ne za ka sa ya buɗe baki a bakin titi ba.

Mataki na uku: ina ake samun su, ina ne kuma bai kamata ka je ba

A Kano dai titin Zoo Road shine cibiya, nan ofisoshin furodusoshi da situdiyo da masu tace fim suke da yawa, jarumai suna shiga suna fita. Sai Kaduna da Jos da Abuja, da yawa daga cikinsu can suke zaune. Amma sanin unguwa ba shine samun mutum ba, ofis wajen aiki ne, in ka je kai sallama a wajen wanda ka tarar, ka faɗi abin da ya kawo ka, in an ce baya nan ko yana mitin ka yarda ka juya.

Wuraren da suka fi sauƙi su ne inda shi jarumin da kansa ya fito dan jama'a. Gala da wasan Sallah, ranar da aka fara haska sabon fim a sinima, taron ba da kyaututtuka, buɗe shago ko kamfani da aka gayyace su, taron ƙungiyoyin masoya. A irin waɗannan wuraren ya san za a zo gaishe shi, ya shirya wa hakan, ba zai ga ka takura masa ba. 'Yan uwanmu na Nijar su ma suna samun wannan damar dan mawaƙa da jarumai suna yawan zuwa wasa Yamai da Maraɗi da Damagaram, haka ma zangon Kumasi da Ankara a Ghana, sai dai ka riƙa bin shafin jarumin na gaskiya ka ga ko shi da bakinsa ya ce zai zo, dan wani lokaci ana manna hoton mutum a fosta a sayar da tikiti alhali bai ma san da taron ba. In ɗan ƙwallo ne, filin atisaye bayan an tashi ya fi ranar wasa, ranar wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ko kusa da motarsu ba lallai ka iya kaiwa ba saboda cunkoso.

Sai lokeshan, wato inda ake ɗaukar fim. Nan ne aka fi samun matsala dan mutane basa gane cewa aiki ake. An yi hayar kyamara da fitilu da janareta na yini, an ari gidan mutane, darakta yana so ya gama fitowa goma sha kafin rana ta faɗi, ga mai ɗaukar sauti da abin ji a kunnensa wanda ko tarin wani ya shiga sai an sake daga farko. Kai kuma ka tsaya a bayan kyamara wayarka tana ringin. Dan Allah in ka je lokeshan ka sa waya a silent, in ka ji an ce "action" ka kama bakinka har sai an ce "cut", kar ka tsaya inda jarumin zai riƙa haɗa ido da kai, musamman in fitowar kuka ce ko ta faɗa, mutum ya tattaro hankalinsa ya shiga wani yanayi kai kana ɗaga masa hannu kana murmushi. Lokacin da ya dace shine in an tsaya sallar azahar da cin abinci, ko an tashi gaba ɗaya. Ko a nan ma ka bari ya yi sallarsa ya ci abincinsa tukunna.

Inda ba a zuwa kuma: gidan mutum ba tare da ya gayyace ka ba, asibiti, wajen zaman makoki, maƙabarta, da sahun masallaci. Wannan abin yana min ciwo ƙwarai, a yi rasuwa a masana'antar, mutum ya zo ta'aziyyar abokin aikinsa idonsa jawur, wani ya manno masa waya yana selfi yana dariya. In kun haɗu a irin wannan wajen kai masa gaisuwa irin wadda za kai wa kowane musulmi, "ya haƙuri, Allah Ya jiƙansa", ka wuce. Haka in ka gan shi da iyalinsa a wajen cin abinci ko kasuwa, sallama daga nesa ta isa.

Mataki na huɗu: hanyar intanet da 'yan damfara

Da yawa ta Instagram ko Facebook ko TikTok suke fara neman jarumi, ba laifi, amma ka sa a ranka cewa saƙonni dubbai ne suke shigo masa, kuma wasu shafukan ma ba su ke riƙe da su ba, yaransu ne. In za ka tura saƙo kar ka rubuta "slm" ka tsaya jiran amsa, ba za ta zo ba. Ka rubuta komai a saƙo ɗaya, sallama, sunanka da garinku, abin da kake so, ka yi godiya. Kar ka bi shi da "kin share ni", "girman kai ne da ku", wannan bulok kawai yake jawowa. Sau da yawa ma tambaya mai kyau a ƙarƙashin abin da ya wallafa, ko lokacin da ya hau live, ta fi saurin samun amsa akan saƙon sirri.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Akwai shafukan bogi da sunan kusan kowane jarumi da jaruma, wani ma sai ka samu goma. Za su fara maka magana da kansu, su ce sun ga kana son su, a koma WhatsApp, daga nan sai a ce ka turo kuɗin fom na shiga fim, ko kuɗin rijistar ƙungiyar masoya, ko kati, ko a ce jarumar ta maƙale a hanya ka taimaka mata da na mai. Jarumin da yake da mabiya miliyan ba zai nemi katin dubu biyu a wajenka ba. Mata kuma su ake cewa ki turo hotunanki za a duba ko kin dace da wani fim, ko ki taho Kano akwai masauki, 'yar uwa kar ki tura, kar ki je. Yadda za ka gane shafin gaske, ka duba shin sauran jaruman da ka tabbatar da nasu suna bin sa kuma suna sa sunansa a hotunansu, ka duba tun yaushe aka buɗe shi, akwai sabbin bidiyo da mutumin yake magana da bakinsa ko duk tsofaffin hotuna ne da aka kwaso. Shuɗin makin da ake sa wa shafin da aka tantance yana taimakawa amma yanzu ana biyan kuɗi a samu a wasu manhajojin, dan haka kar ka dogara da shi kaɗai. Ko muryar da aka turo maka ma kar ta ruɗe ka, akwai masu kwaikwayon murya, ga kuma AI da ya zo.

Mataki na biyar: shirin ranar

Wanka, kaya masu tsafta, ba sai sabbi ba. Ka cika waya da caji, ka share tarkace dan kar a zo hoto ta ce ba waje, ka goge gilashin kyamarar. Ka riƙe kuɗin motar zuwa da na dawowa a aljihu daban, kar ka taɓa barin garinku da na zuwa kawai da tunanin in ka ga jarumin zai ba ka na komawa, yara da yawa sun taho Kano daga nesa a haka sun ƙare da kwana a tasha ko bakin shaguna, wanda suka zo nema ma yana wani gari yana aiki. Ka gaya wa na gida inda za ka. In ke mace ce ki tafi da yayanki ko 'yar uwarki ko ƙawa, a wajen taro a bainar jama'a, da rana. Wajen gala kuma a kula da aljihu, inda ake turereniya nan masu yankan waya suke cin kasuwa. Tambayarka ka rubuta ta a waya ko 'yar takarda, ka maimaita ta a bakinka, dan wallahi in ka tsaya gaban mutumin da ka saba gani a talabijin kanka zai iya ɗaukewa.

Mataki na shida: ka bi ta hannun yaransa

Kowane babban jarumi ko mawaƙi yana da mutanen da suke zagaye da shi, manaja, direba, mai riƙe masa waya, yaran gida. Kar ka raina su, kar ka ture su, su ne ƙofa. Ka samu wanda ka ga kamar shi ake saurara, ka ba shi hannu, "sannu da aiki yayana, dan Allah in oga ya samu sarari ina so in gaishe shi, minti ɗaya kawai, daga Gusau na zo". Sai ka koma gefe inda zai riƙa ganinka ka jira. Mai haƙurin da ya tsaya gefe sau tari shi ake kira, mai kutse da ihu shi ake riƙewa. In wani a wajen ya ce sai ka ba shi wani abu kafin ya shigar da kai, ka ba shi haƙuri ka nemi wani, ba a sayen gaisuwa.

Mataki na bakwai: gaisuwar kanta

Kai sallama, ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe da duk wanda ya kai shekarunsa a unguwarku. Dattijo ka ce Baba, ka ɗan rusuna, dattijuwa Mama ko Hajiya, wanda ya girme ka Yallabai ko Maigida ko ranka ya daɗe, mace Anti ko Hajiya. Kar ka ƙwala wa matar da a haife ta haife ka kira da gatsal ɗin sunanta dan kawai ka saba ganinsa a fosta. Namiji ya jira in an miƙo masa hannu, kuma kar ka miƙa wa jaruma hannu, kar ka dafa ta, kar ka ja mata mayafi dan ta juyo. Ka faɗi sunanka da garinku a taƙaice.

Sannan ka raba mutum da rawar da ya taka. Wanda yake fitowa a mugu ko boka ko ɗan daba, ko wadda take fitowa a muguwar kishiya ko uwar miji, aiki aka ba su suka yi. Marigayiya Saratu Gidado, Daso, wadda ta rasu a 2024, ta yi suna ne da fitowa a masifaffiya, kuma iya aikinta ne ya sa mutane suke jin kamar gaske ne. Kar ka tari irin waɗannan da "kai mugun nan" ko da wasa kake, gara ka ce rawar da ya taka ta sa ka ji haushinsa har ka manta fim ne, wannan yabo ne kuma zai gane.

Mataki na takwas: tambayar, wadda ita ce zuciyar maganar

Bari in fara da waɗanda ya kamata a daina. "Yaushe za ki yi aure?" "Me ya kashe aurenki?" "Shekarunki nawa?" "Nawa ake biyanka a fim ɗaya?" "Da gaske ne kuna faɗa da wane?" "Wa ya saya miki motar nan?" "Wannan hasken naki na Allah ne ko mai ne?" Ka tsaya ka yi tunani, in baƙon da baka taɓa gani ba ya tare yayarka a titi ya jefa mata ɗaya daga cikin waɗannan, ya za ka ji? Matan Kannywood musamman sun sha wannan tambayar ta aure har ta ishe su, aure lokaci ne kuma nufin Allah ne, ba kai ne waliyyinta ba. Tambayar rigima kuma, wane da wane basa shiri, ba wanda zai amsa maka ita tsakani da Allah alhali ga wayoyi goma a sama suna ɗauka, ko ya yi shiru ko ya ba ka amsar siyasa. Haka wa'azi a tsaye, "ku ji tsoron Allah kuna ɓata tarbiyya", in kana da gyara na gaskiya akwai yadda ake yinsa cikin mutunci a keɓe ko a rubuce, ba a gaban taro dan a tafa maka ba.

Akwai kuma waɗanda ba laifi bane amma sun tsufa, "wane fim ka fi so a finafinanka", "waye ubangidanka", "wane kala ka fi so". Za a amsa maka amma amsar da aka haddace ce, an faɗe ta sau ɗari.

Tambaya mai kyau tana da alamomi. Gajeriya ce, numfashi ɗaya. A kan aikinsa take ba a kan ɗakinsa ba. Tana nuna ka kalli abin da ya yi da idon basira. Kuma ba wadda za a amsa da eh ko a'a bace. Ka kama wata fitowa guda ɗaya takamaimai da ta tsaya maka a rai ka ɗora tambayar a kanta. Misali ka ce, "Yallabai, a fitowar nan da aka gaya maka rasuwar mahaifiyarka baka yi kuka ba, zama kawai kayi a ƙasa ka yi shiru, haka aka rubuta ko kai ka kawo?" Ko ki ce, "Anti, in za ki yi fitowar kuka me kike tunawa har hawaye ya zo, kuma in an ce cut yaya kike dawowa daidai?" Ga wanda yake cikin shiri mai dogon zango, irin waɗanda ake shekara da shekaru ana yi, ka tambaye shi yadda yake riƙe hali ɗaya tsawon lokaci ba tare da ya gundure shi ba, ko akwai abin da halin nan ya canza masa a rayuwarsa ta gaske. Ɗan barkwanci ka tambaye shi kashi nawa na maganganunsa ne a rubuce, nawa ne suke zuwa masa a take gaban kyamara, za ka sha mamakin amsar.

Dattawan masana'antar kuwa su ne taska, kuma su ne aka fi wucewa a bar su zaune ana rububin matasa. Akwai waɗanda suka faro tun daga wasan daɓe da wasan kwaikwayon gidan talabijin, suka ga zamanin kaset na bidiyo a shekarun 1990, suka ga CD, suka ga lokacin da kasuwar ta faɗi aka koma YouTube. In ka samu irin wannan ka ce, "Baba, me kuke yi a da wanda kuke ganin yaran yanzu sun yar, kuma me yaran yanzu suka fi ku?" Wallahi zai iya jawo maka kujera.

Mawaƙi kuma ka tambaye shi baiti ne yake fara zuwa masa ko kari, shi yake zuwa da waƙa a ɗora mata kiɗa ko kiɗan yake ji ya hau, wa ya buga masa kiɗan waƙa kaza, wace ce ta yi masa amshi, dan masu kiɗa da 'yan amshi ba a cika ambatonsu ba kuma mawaƙin kirki yana jin daɗin a tuna da su. In akwai wata kalma ko karin magana a waƙarsa da baka gane ba, wannan ma tambaya ce mai daɗi, "ranka ya daɗe, baitin nan me kake nufi da shi?" Abin da ba a yi shine a ce "ɗan rera mana" a tsakiyar titi, waƙa sana'arsa ce, kuma murya tana gajiya.

Ɗan ƙwallo, a ce Allah Ya haɗa ka da Ahmed Musa. Kowa zai ce masa ƙwallaye biyun da ya ci Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Iceland a 2018 a gasar cin kofin duniya. Kai ka ɗan zarce, ka tambaye shi yadda ya yi da sanyin Rasha da rashin jin yarensu lokacin da yake CSKA Moscow, ko yadda yake haɗa azumi da atisaye a Turai, ko me yaron da yake buga ƙwallo a filin unguwa ya kamata ya fara gyarawa kafin ya yi mafarkin fita waje. Wannan amsar za ta amfane ka ta amfani ƙannenka.

In ka yi tambayar kuma ka saurara. Da yawa suna tambaya amma hankalinsu yana kan waya suna duba ko tana ɗauka. Ka dube shi, ka bari ya kai aya, kar ka katse shi da labarinka. In amsar ta buɗe wata ƙofa kuma ka ga bai ƙosa ba, ka ɗora ƙarama guda ɗaya, in ka ga ya fara waige ko yaransa sun matso, kai godiya.

Mataki na tara: hoto

A tambaya tukunna, "dan Allah zan iya ɗaukar hoto?" In an ce eh, kyamara ta riga ta zama a buɗe, ba sai lokacin za ka fara neman password ba. Ɗauki biyu ka matsa. In jaruma ce kai kuma namiji, ka bar tazara, hannunka a jikinka. Bidiyo daban yake da hoto, shi ma sai ka nemi izini, kuma kar ka sa mutum ya ce "ina gaida budurwata wance" ko ya tallata maka shago kyauta, talla kuɗi ake biyansu su yi. A lokeshan in an ce ba hoto kar ka ji haushi, kayan da ke jikinsa na fim ne, kwalliyar ciwo ko ta tsufa da aka yi masa in ta fita a TikTok ta tona labarin tun kafin a saki shirin.

Mataki na goma: maganar roƙo, lambar waya da shiga fim

Gaisuwa da roƙon iri ita ta sa jarumai da yawa suke ɗari-ɗari da masoya, dan sun saba duk "ina sonka" da "a taimaka min" take ƙarewa. Na san akwai matsi a ƙasa, kuma akwai masu taimako a cikinsu, wasu ma gidauniya gare su, amma ba duk wanda kake gani a talabijin ne mai kuɗi ba, wani motar da gidan da ka gani a fim duk aro ne, a adaidaita sahu zai koma gida. In buƙata ce ta gaske kamar rashin lafiya, ka rubuta a takarda da shaidar asibiti da lambarka ka ba manajansa, ka bar wa Allah sauran.

Lambar waya kar ka nema, in kana da dalilin aiki ka karɓi ta manaja. In kuma shi da kansa ya ba ka, amana ce, ba a rabawa abokai, ba a kira ƙarfe sha biyun dare, ba a filashin.

Mai son shiga fim kuma, "oga ka saka ni a fim" ba ta kai kowa ko'ina. Tambayar da za kai ita ce ta wace hanya ake bi, wane kamfani ne yake tantance sabbin fuska, ina ake rijista. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha da take yi wa 'yan masana'antar rijista, akwai MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar shirya fim, da ƙungiyoyin jarumai, ka je ofishinsu da ƙafarka ka ji sharuɗɗa daga bakinsu, mace kuma ta je da amincewar iyayenta ko waliyyinta. Kuma ka sani fim ba fitowa gaban kyamara kaɗai bane, akwai rubutu, ɗaukar hoto, sauti, fitila, kwalliya, tacewa, a nan ma aka fi neman hannu.

In ba a dace ba, da kuma bayan an dace

Zai iya faruwa ka yi duk abin nan a ce maka oga ya gaji, ko ya wuce ka da sauri ko kallonka bai yi ba. Kar ka hau Facebook ka zage shi, baka san tun ƙarfe nawa yake tsaye ba, baka san wane kira aka yi masa daga gida ba, kuma kai ne mutum na ɗari uku da ya tare shi ranar. In wulaƙanci ne na gaske aka yi maka, ka ja mutuncinka ka bar shi, ba dole bane, akwai wasu jaruman da za su karɓe ka hannu biyu. Abin da nake roƙon matasa shine kar wanda ya cutar da kansa ko ya bar makaranta ko ya sayar da kayan sana'arsa saboda son ganin wani ɗan fim.

In kuma an dace, wajen ɗora hoton ka rubuta gaskiya, kun haɗu a waje kaza ya karɓe ka da mutunci, kar ka ce "ni da aminina" ko ki bar mutane suna zargin akwai wani abu a tsakani, irin wannan ƙaramin rubutun ne yake zama jita-jitar da za ta bi mutum shekaru. Kar ka faɗi otal ɗin da ya sauka ko unguwar da gidansa yake. Amsar da ya ba ka in za ka yaɗa ka faɗe ta yadda ya faɗa ba ƙari, in kuma ya ce tsakaninku ne toh ta tsaya a nan. Sannan ka rubuta ta a wani waje tun baka manta ba, dan in Allah Ya sake haɗa ku sai ka ce masa "Yallabai a Kaduna na tambaye ka kaza ka ce min kaza, toh na gwada, ga inda na maƙale", daga nan tambayarka ta biyu za ta tashi.